Saura Shafi Huɗu

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Ba a wasa zarto da dutse!"

Sai da maganar ta fita Kafinta ya tuna inda yake. A tsaye yake a kan bencin aikinsa, kunne ɗaya manne da katangar maƙwabcinsa, ɗayan da fensir a maƙale. Can ƙetaren katangar karatun ya tsaya cak. Ya ji an rufe littafi, ya ji kujera ta yi ƙara, sannan muryar da ya fi tsana a duniya ta taso a hankali.

"Ke, kin ji abin da na ji kuwa? Ashe katangarmu ta fara magana."

"Na ji," in ji Gwaggo, matar mai muryar. "Kamar ma na san bakin."

Da mutum mai hankali ne, da sai ya sauko a hankali ya yi lamo. To amma an taɓa zarto, kuma Kafinta ba zai iya jin an yi wa zarto ƙarya ya haɗiye ba.

"Da magagari ake wasa shi," ya ce da ƙarfi, yana fuskantar bulo. "Haƙori bayan haƙori. Duk wanda ya rubuta dutse bai taɓa riƙe zarto ba a rayuwarsa."

"Wa ya kasa da kai?" in ji maƙwabcin, Mai Tabarau. "Shekara goma sha tara ba ka ce mini ina kwana ba, yau ka ɗare katanga kana koya mini karatu. Tun yaushe kake mana sata da kunne?"

"Ni? Ƙusa na hau cirewa."

"Ƙusa. To, a cire lafiya. Tashi mu shiga ciki, tsakar gidan nan ya yi ɓeraye."

Duk layin an san waɗannan biyun ba sa ga maciji. Mai Tabarau tsohon tafinta ne, ya yi aikin kotu har ya gaji, kafin nan kuma da ƙuruciya ya bi jiragen ruwa ya yi yawon duniya, ya dawo da harsuna cike da baki da girman kai cike da ciki. Shekara goma sha tara da suka wuce Kafinta ya sayi injin yanka katako, abin da ya daɗe yana mafarki. Wata biyu kacal injin ya yi yana aiki. Mai Tabarau ya zauna ya rubuta wa hukuma takardar ƙorafi mai shafi uku, cewa ƙara ta hana unguwa sakat, aka zo aka ce ko injin ya bar layin ko shagon ya rufe. Injin ya tafi. Kafinta ya koma wa zarto da guduma da gizago, kafaɗarsa ta dama ta kama ciwon da har yau bai sake shi ba. Shi ma fa ba baya ba ne wajen ramuwa. Ba ya share garin katako sai ranar da Gwaggo ta yi shanya kuma iska na kaɗawa wajensu, ba ya tuna yana da ƙusar bugawa sai ya tabbata tsohon ya kwanta hutun rana.

Ana nan sai ciwon yana ya rufe idon Gwaggo, sai mijin ya ɗauki al'adar yi mata karatu kullum da la'asar a tsakar gida. Kafinta bai taɓa damuwa ba, har ranar da ya tsaya shan ruwa ya ji an ce, "Sai Guduma ta ce wa Awartaki…" Ya yi dariya, ya ce tsufa ya gama da mutumin nan. Washegari ya sake tsayawa shan ruwa a daidai lokacin. Kafin mako ya zagayo ya jawo benci jikin katanga.

Ya ji Mai Tabarau yana gaya wa Gwaggo cewa labarin wata ƙasa ce mai sanyi, fassara ce. Wani tsohon kafinta ne da akwatin kayan aikinsa, da zarar ya fita sai kayan su kama hira da faɗa. Abin da ya ɗaure wa Kafinta kai shi ne yadda mutumin wata duniya can ya san sirrin shago haka. Ya san Awartaki ya ƙare rayuwarsa yana cire ɓarnar Guduma, ba ta taɓa ce masa sannu ba. Ya san ƙusoshi matsorata ne, in an buɗe gwangwani kowace sai ta tura 'yar'uwarta gaba. Ita kuwa Guduma, kai, Guduma! Ba ta buɗe baki sai da "Dalla can, aikin banza aikin wofi!" Kafinta yakan toshe bakinsa da hula don kada dariya ta tona masa asiri. Abu ɗaya ke ba shi haushi, tsohon ba ya sauri. Sai ya yi jimla biyu ya tsaya, ya yi "e… to…", sannan ya ci gaba. Kafinta ya ɗora laifin a kan tabarau.

Yanzu kuma labarin ya zo inda ba a numfashi. Tsohon Zarto ya zubar da haƙora uku, ɗan maigidan ya shigo da sabo mai sheƙi, kayan aiki sun yi taro, Guduma ta ce a jefar da tsohon a bola. Maigidan ya ɗauki Zarto ya fita da shi waje. Ko gyara shi zai yi, ko yar da shi zai yi, a nan ne aka kawo zancen dutse, a nan ne bakin Kafinta ya ja masa. Shi da kullum 'yarsa ke ce masa ya ajiye aiki ya huta, ba ƙaramin so yake ya ji yadda za a yi da Zarton nan ba.

Washegari da la'asar ya hau benci, bai ji komai ba. An shige ɗaki, an ja taga. Ran maza ya ɓaci. Ya jawo wani tsohon kwanon rufi ya shimfiɗa gindin katanga ya hau shi da duka, wai miƙar da shi yake yi. Kwana uku yana miƙar da kwano ɗaya. A na huɗu hannunsa ya gaji ya tsaya, sai ya ji abin da ƙarar ke rufewa. Tari ne, mai tsawo, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji ya ƙi ƙarewa.

Da yamma Auta ta biyo. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a can gaba da kasuwa, takan leƙo shi in ta tashi aiki. Ranar daga gidan maƙwabcin ta fito, da jakar allura a hannu.

"Baba, don Allah ka bar bugun nan. Huhun mutumin nan ya ƙare."

"Ni na ƙarar masa?"

"Ban ce kai ba ne. Amma ka bari."

Ya tura kwanon gefe da ƙafa. Ya ɗauki tsinke yana sakace, kamar ba abin da ya dame shi. "Yana dai ta surutun karatunsa ko?"

"Wane karatu, Baba? Da ƙyar yake haɗa numfashi biyu."

Bayan mako guda, da hantsi, Gwaggo ta bayyana a ƙofar shagon, hannu ɗaya da sanda, ɗayan yana laluben bango. Ba ta yi sallama ba.

"Ba roƙonka na zo yi ba, aiki na kawo. In ya kwanta a miƙe numfashi sarƙe shi yake yi, matasai kuma zamewa suke. Abin jingina ake so a gadon. In ba za ka yi ba ka faɗa mini in nemi wani."

"Wani wa? Masu lalata katakon nan na bakin titi?"

Ya ɗauki tef da fensir ya bi bayanta. Shekara goma sha tara rabonsa da ƙofar nan, kuma abin da ya fara lura da shi, ƙyauren ya sauka yana gogar ƙasa. Ɗakin yana warin magani da tsohuwar takarda. Kantocin littattafai sun lanƙwashe a tsakiya, aikin wani ne, ba nasa ba. Akwai fanka a kusurwa tana juyi da ƙyar, kwalaben magani a kan tebur, da wani kofi da aka rufe da faranti. Mai Tabarau yana kishingiɗe, ya zube, wuyansa duk jijiya, amma tabarau na nan daram a kan hanci. Ƙarƙashin tafin hannunsa akwai wani ɗan littafi mai koren bango.

"A'a, ɓeran katanga ya gano ƙofa," ya ce.

"Ɗaga hannunka, awo zan yi."

Kafinta ya durƙusa ya auna faɗin gadon, ya auna daga katifa zuwa kafaɗa, ya rubuta a bayan hannunsa. Bai so idonsa ya je kan littafin ba, amma sau uku yana zuwa.

"Kana kallonsa kamar akuya ta ga dusa," in ji Mai Tabarau. Ya huta, ya jawo iska. "Saura shafi huɗu. Ka ce, 'Malam, don Allah karanta mini.' Kalma biyar ce. Ka faɗa, in ƙarasa maka yanzu da sauran numfashina."

Wallahi Kafinta ya so ya faɗa. Maganar ta taso har maƙogwaro, ya ji ɗanɗanonta. Sai kafaɗarsa ta soke shi don durƙuson da ya yi, ya tuna ranar da aka ɗora injinsa a mota mutane na kallo.

"Kai ka fara cewa ka zalunce ni a kan injina."

"Ban zalunce ka ba. Ka sake sayo shi ka gani, shafi shida zan rubuta."

"To riƙe abinka. Littafi ba ya gudu. Ina da 'ya mai karatu, ta ma fi ka, ba ta tsayawa tana 'e, to' kamar mai neman hanya."

Gwaggo, wadda ke zaune bakin gado, ta juyo da fuskarta wajen da ta ji muryarsa. "Kai kuwa ka faɗa mana. Me zai ragu a jikinka?"

"Ba na roƙon azzalumi."

Mai Tabarau ya fashe da dariya. Dariyar ta juye tari, tarin ya naɗe shi biyu, Gwaggo ta laluba ta miƙa masa kofi. Da ya lafa, hawaye na bin gefen tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"To," ya ce. "Ta karanta maka."

Kafinta ya fita yana huci. Ya zaɓi katakon da ya fi kowanne kyau a shagon, wanda ya ɓoye wa kansa, don kada a ce aikinsa ya yi muni a gidan maƙiyi. Ya yi abin jinginar mai hawa uku, ya goge shi da samfefa har ba inda zai kama riga, ya ba Auta ta kai. Bai tambaya ko ya yi daidai ba, ya san ya yi.

Kwana biyu Mai Tabarau ya jingina da shi. A na uku, da safe, Kafinta yana tsakiyar yanka wani falanki ya ji muryar Gwaggo ta tashi sau ɗaya, sannan salati, sannan takun mata suna shiga gidan. Ya bar zarton a cikin katakon. Ya wanke hannu, ya canza riga, ya bi maza aka kai Mai Tabarau makwancinsa, ya tsaya daga baya. Bai yi kuka ba. Haushi yake ji, haushin da bai san inda zai kai shi ba, don mutumin ya tafi bai ce ya yi kuskure ba, kuma yanzu babu wanda zai ce. A hanyar dawowa ya kama kansa yana lissafin kwana nawa ya kamata ya jira kafin ya aika Auta aron littafin, kunya ta kama shi, amma bai fasa lissafin ba.

Bai ma kai ga aikawa ba. Bayan kwana takwas, baƙi sun watse, yana share shago sai wani abu ya tsallako katanga ya faɗa cikin garin katako, tim.

"Ya ce a ba ka," in ji muryar Gwaggo. Ya ji takun sandarta yana komawa.

Littafin nan ne mai koren bango. Kafinta ya ɗauka ya kaɗe shi da hularsa. Bai buɗe ba. Karatunsa bai wuce na awo da sunan mai kaya ba, kuma ba ya so ya ɓata abin da kame-kame. Ya ajiye shi a kan kanta, ya jawo kujera mai kyau, ya share ta, ya zauna jiran Auta. Tana shigowa, ko jaka ba ta ajiye ba, ya miƙa mata.

"Zauna. Shafi huɗun ƙarshe. A hankali, kuma ki ɗaga murya."

Auta ta buɗe daga baya. Ta duba, ta juya shafi, ta koma farko, ta juya littafin sama ta koma ƙasa.

"Baba, wannan wane yare ne?"

"Wane irin wane yare? Hausa mana. Fassara ce, da kunnena na ji."

"Babu Hausa ko ɗaya a nan. Ba Turanci ba ne kuma. Ni ko haruffan ban taɓa ganin irinsu ba."

Ya fizge littafin. Ko shi da bai yi nisa ba ya ga babu harafi ɗaya da ya sani, wasu ƙugiyoyi ne da ƙananan akwatuna jere reras, sai zane nan da can. Bai tsaya sa takalmi ba. Ya fita, ya tura ƙyauren da ke gogar ƙasa, ya iske Gwaggo a tsakar gida tana zaune a kujerar mijinta.

"Wannan ba shi ba ne! Ina na Hausar?"

"Wane na Hausa?"

"Wanda yake karanta miki!"

"Shi ne a hannunka. Wani abokin aikinsa ya ba shi a jirgi tun kafin ya aure ni. Idonsa na kan wancan yaren, bakinsa na zubo Hausa, aikin da ya yi wa alƙalai shekara talatin ke nan. Kai da kake cewa yana 'e, to', ka zaci tuntuɓe yake yi? Kalmar da ta dace yake nema."

Kafinta ya sake duban littafin. "To, a nemo wani mai jin yaren."

"Je ka nemo. Ka bi gari gida-gida. In ka same shi ma, ka ga ko zai ba Guduma bakinka."

"Bakina?"

"Au, ba ka gane ba? 'Dalla can, aikin banza aikin wofi.' Wa ke faɗin haka tun safe har yamma a layin nan? Ya ce Gudumar littafin mai faɗa ce, amma faɗan mutanen can ba ya da gishiri a Hausa, sai ya ara mata naka. Da safe yakan zauna nan ya kasa kunne yana tsintar zaginka, da la'asar ya zuba mata. Muna jin ka kana ƙyaƙyata wa kanka dariya ta bayan katanga. Tun ran farko muka san kana nan, benci ba ya ɓoye tari."

Kunya da fushi suka haɗu suka rufe shi. Ya tsaya da littafin a hannu, ƙafa ba takalmi, a tsakar gidan mutumin da ya mayar da shi abin dariya mako biyar yana tafa masa. Abin da ya fi ci masa rai, ko yanzu ya san aikin ya yi kyau. Da shi aka ba Gudumar ya sa mata baki, ba zai iya kamar haka ba.

"To ke ai kin ji ƙarshen," ya ce, muryarsa ta sauka. "Faɗa mini kawai. An yar da shi ko an gyara shi?"

Gwaggo ta juyo da fararen idanunta saitin fuskarsa, kamar tana ganinsa.

"Na ji a ina? Tun ranar da ka yi ihu a katanga bai ƙara mini ko layi ɗaya ba. Kullum sai na ce, Malam, ƙarasa mini. Ya ce a'a, sai jakin can ya shigo ta ƙofa ya roƙa, a ji tare. Na je har shagonka da sanda na jawo ka. Kalma biyar! Shi ya ƙi sauka, kai ka ƙi hawa, ni da ba ni da ido ba ni da injin kowa, ni kuka bari a tsakiya. Shekara arba'in da shida ina zaune da mutumin nan, abu na ƙarshe da na roƙe shi ke nan, kai ka hana ni. Ban yafe maka ba, shi ma ban gama yafe masa ba. Fita mini daga gida."

Ya juya ya fita. Ya ɗaga ƙyauren da hannu don kada ya yi ƙara, ya ja mata shi.

Auta na nan a shago, ta tashi za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Ya zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya ɗora littafin a gwiwa, ya lashi yatsa ya ƙirga shafi huɗu daga baya. Ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa, ya juya, ya sake bi. A shafin ƙarshe rubutun ya tsaya a tsakiya, ƙarƙashinsa akwai ɗan zane. Zarto ne a kwance a kan wani dakali a waje, ga giɓin haƙoransa uku, ga hannun wani tsoho a kan mariƙinsa.

Kafinta ya kusanto da shafin har hancinsa, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen rana. Ya daɗe yana kallon hannun nan, bai gane ko ɗauka ya zo yi ko ajiyewa ba.